Daƙiƙa Goma Sha Huɗu

Shekara talatin da ɗaya ina riƙe da sitiyari,
daga Mirpur zuwa Motijil, duk Daka ta san ƙarar odata.
Mai tafiya a ƙasa, a wurina, jinkiri ne kawai,
abin da ke shiga tsakanina da fasinjan gaba.
In na danna oda ya yi tsalle, yaron motata ya ƙyalƙyale,
ni ma in taya shi.

Yau gwiwar hagu ta juya mini baya,
ita da ta sha taka kuloci tun ina saurayi.
Suka karɓi makulli, na sayi sanda.
Kantin magani na can tsallaken titi,
ina hango koren allonsa daga ƙofar gida,
kusa kamar hanci da baki,
sai dai layi shida na ƙarfe mai gudu ya raba mu.

Akwai gadar sama, ban musa ba.
Matakala arba'in da biyu hawa, arba'in da biyu sauka.
Wanda ya zana ta ƙafarsa lafiya lau,
bai taɓa hawanta da buhun shinkafa a ka ba,
balle da cikin wata takwas
kamar Shefali, 'yar maƙwabcina,
mai ɗinka wuyan riga a masana'anta,
wadda ake zaftare wa albashi in ta makara minti biyar.

Fitila na ba mu daƙiƙa goma sha huɗu.
Na ƙirga da agogon da kamfani ya ba ni ran sallama.
Ni kuwa ashirin da shida nake bukata,
in ba ruwan sama,
in babu babur da ya biyo hannun da ba nasa ba.
Ragowar sha biyun a tsakiyar titi nake biyan su,
tsaye kan siririn kankare da bai kai tsawon takalmina ba,
iskar bas na kaɗa zanen da na ɗaura.

Ran Talata wani direba ya danna mini oda.
Na ɗaga kai. Yaro ne, gemu bai gama tsirowa ba,
idonsa na kan madubi, yana duban bas ɗin da ke bayansa
kada ta riga shi kwashe mutane.
Na san wannan kallon. Irinmu muka koya musu.
Ban zage shi ba. Da wane bakin?

Anowar mai shayi ya ba da bayan takardar kalanda,
jikata ta rubuta, ni ina faɗa:
a ƙara mana daƙiƙa goma sha biyu,
a sake fentin farin layi duk bayan damina
tun da ruwa ke lashe shi,
a faɗaɗa kankaren tsakiya ya ɗauki mace da yaro a hannu,
a sa ƙwai mai haske, don dare ma ana tsallakawa.
Mutum ɗari biyu da tara suka sa hannu,
rabi da yatsa da tawada.
A ofishin birni aka buga hatimi, aka ce ana dubawa.
Wata huɗu ke nan.

Kafin su gama dubawa,
ƙarfe bakwai na safe ina bakin titi da jar lema.
In matan masana'anta sun taru sai in ɗaga ta sama,
in sa ƙafa mai lafiya gaba.
Tsofaffin direbobi sun gane ni,
su taka birki, su leƙo: Oga Mokbul, kai ne?
Sababbin ba su san ni ba,
su lemar kawai suke gani, wani sa'in ma ba sa gani.

Shefali ta haihu, namiji.
Jiya ta tsallaka da shi a kafaɗa, ina gefenta ina ƙirgawa,
fitila ta koma ja muna kan sha huɗu,
muka ci gaba da tafiya.